Shirin zuwa Alƙahira, daga Nuwamba zuwa Janairu

8 ga Nuwamba, 2025

Magana ta tsaya a kan Alƙahira. Mu uku ne, ni da Kawu da ƙanwata, kuma kamar kullum ni aka jibga wa tsare-tsaren. Ziyarar gajeriya ce: mu sauka daren Talata, mu taso daren Asabar.

Kowa da abin da ke jan sa. Ƙanwata ta kalli bikin buɗe sabon babban gidan tarihi na Giza da aka yi ranar 1 ga watan nan, bayan shekaru ana ta ɗagawa, tun daga ranar ba ta da zance sai na Fir'auna Tutankhamun. Kawu so yake ya yi sallar Juma'a a Azhar ya kuma ziyarci Imam Shafi'i tun gwiwa ba ta gama ɗaure shi ba. Ni kuwa tsofaffin gine-gine ne cutata.

Na zaɓi tsakiyar Janairu. Daga Yuni zuwa Agusta zafin Alƙahira kan haura digiri 35, ba lokacin yawo da dattijo a filin dala ba ne. Daga Maris zuwa Mayu iskar hamsin kan taso da ƙura ta turnuƙe gari. A Janairu rana tana wajen digiri 19, dare kuma ya sauko kusan 9. Azumi zai kama wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, kuma a azumi wuraren tarihi da wuri suke rufewa. Farkon Janairu akwai ragowar baƙin sabuwar shekara da Kirsimetin Kibɗawa ranar 7, ƙarshensa kuma makarantun ƙasar na hutun tsakiyar shekara, yara su cika ko'ina. Saboda haka 13 zuwa 17.

Na ce kowa ya rubuto wuraren da yake son gani. Abin da suka turo, ko wata guda aka ba mu ba zai ishe mu ba.

12 ga Nuwamba

Na buga taswirar birnin a takarda, na bi jerin nan ina ɗiga jan biro a kowane wuri. Ɗigon sun jeru daga kudu zuwa arewa, kuma yadda suka jeru a ƙasa haka suka jeru a tarihi. Wannan ya rage min rabin aiki.

Dalili kuwa, hedikwatoci ne aka riƙa dasawa ɗaya a gaban ɗaya. Amru ɗan Asi ya kafa Fustat a 641 kusa da ganuwar Rumawa ta Babila, a gaɓar Nilu. Da Abbasiyawa suka karɓi mulki a 750, suka matsa arewa kaɗan suka kafa Askar. Ahmad ibn Tulun ya ƙara matsawa ya gina nasa garin, Ƙata'i, wajen 870. Sai a 969 Jauhar, kwamandan Fatimiyawa, ya shata sabon birni mai ganuwa a arewa da su duka don halifa Mu'izz, wanda shi ne Alƙahira ta asali. Masana sukan danganta wannan matsawa da iska: a can daga arewa take busowa, don haka duk sabon mai mulki yakan kafa fadarsa inda hayaƙi da warin tsohon gari ba za su iske shi ba. Salahuddini ne ya karya layin a 1176, ya hau tsaunin da ke gindin Muƙattam ya fara ginin Ƙal'a, wato fadar mulki mai ganuwa, inda mulkin Masar ya zauna kusan shekara ɗari bakwai.

Kogin ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A hankali ya riƙa janyewa yamma, shi ya sa masallacin Amru da ke bakin ruwa a dā yanzu yake da tazara da shi, kuma tsakiyar birnin yau, wajen Dandalin Tahrir, ƙasa ce da kogi ya bari, wadda Khedive Isma'il ya gina a kanta a shekarun 1860 da 1870.

To ga tsarin da ya fito da kansa. Laraba zamanin Fir'aunoni, a Giza. Alhamis Fustat zuwa Ibn Tulun. Juma'a birnin Fatimiyawa, inda Azhar take. Asabar Ƙal'a da abin da ke ƙarƙashinta. Kowace rana unguwa ɗaya ko biyu masu maƙwabtaka, kuma kowace rana ta ɗora daga inda ta jiya ta tsaya. A birnin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan 20, duk wanda ya shirya tsallaka gari sau biyu a wuni, to cikin mota zai yi yawon buɗe idonsa.

16 ga Nuwamba

Takardu. Fasfo sai ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga. Na Kawu ya tsallake da ƙyar, amma ya tsallake. Dokar biza ta danganta da fasfon da mutum ke riƙe da shi, wasu a filin jirgi suke saya, wasu ta intanet, wasu sai sun bi ta ofishin jakadanci, saboda haka ban saurari kowa ba, ofishin na tambaya kai tsaye na karɓo jerin abin da suke so. Wanda zai fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara zai nuna katin rigakafi. Mun miƙa takardu, saura jira.

23 ga Nuwamba

Masauki ya ci min mako. Ƙanwata ta turo hoton wani otal a Giza, dala kamar ka miƙa hannu ta taga ka taɓa. "Yaya, don Allah nan. Ka duba fa." Na duba. Na kuma duba taswira: daga can zuwa tsakiyar birni wajen kilomita 15 ne, zuwa Azhar ya fi haka, ga tsallaka kogi safe da yamma. Wuni ɗaya kawai muke da aiki a Giza, sauran duka a gabashin kogi. Kallon taga ba zai biya wannan zirga-zirgar ba.

Kawu shi kuma kusa da masallacin Husaini yake so, ya riƙa jin kiran sallar Azhar daga ɗaki. Na ji daɗin wannan a raina, sai dai unguwar ba ta barci, kuma lungunanta mota ba ta shiga, ga akwatuna ga sanda.

Na tsaya a tsakiyar birni, kusa da tashar Sadat ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda layi na ɗaya da na biyu suka haɗu. Akwai wani abu game da ƙananan masaukan wannan unguwa da hoto ba ya nunawa: yawancinsu hawa ɗaya ko biyu ne suka kama a cikin tsohon bene, sauran hawan gidajen mutane ne da ofisoshi. Na rubuta wa wani na tambaye shi ko akwai lif. Ya ce akwai. Na sake tambaya: daga ƙasa yake farawa? Sai ya amsa cewa ana ɗan hawa matakala kafin a kai ƙofarsa, kuma wani lokaci da dare mai gadi yakan kashe shi. Na yi masa godiya. Wanda na kama a ƙarshe ya turo min bidiyo tun daga bakin titi har ƙofar ɗaki, ba mataki ko ɗaya, kuma ya yarda a soke ba tare da tara ba idan biza ta makara.

30 ga Nuwamba

Yau aka yi yankan da ya fi zafi. Iskandariyya ta fita. Wajen kilomita 220 ce, jirgin ƙasa awa biyu da rabi zuwa uku a tafiya, haka a dawowa. Wuni guda cur don a ga teku a ci kifi a juyo. Ƙanwata ta ɓata rai, ta ce ai mutane suna yi. Suna yi, amma me suke gani? Kawu ne ya kashe maganar: "'Yar nan, taura biyu ba ta taunuwa."

Sai abin ya juyo kaina. Na so Saƙƙara, inda dala mai hawa shida ta sarki Djoser take, wadda Imhotep ya tsara, kuma ta girmi na Giza. Tana wajen kilomita 30 kudu da birni. Na yi ta lissafin yadda zan cusa ta cikin Laraba, tsakanin dala da gidan tarihi. Ba ta shiga sai an yi komai a guje, kuma hujjar da na kayar da Iskandariyya da ita ce ta kayar da ni. Dahshur, wani wurin dalar, shi ma ya bi ta.

Tsohon gidan tarihi na Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, na bar shi a gefe. Ko da aka kwashe kayan Tutankhamun, yana nan da allon Narmer da dukiyar sarakunan Tanis, kuma tafiyar ƙafa ce daga masaukinmu. Idan wata rana ta rage mana awa biyu, shi ne zai cike gurbin. Haka ma'aunin cikar Nilu na tsibirin Rauda, na shekarar 861, wanda da shi ake sanin ko bana ƙoshi ko yunwa, da kuma yawan harajin da za a aza. Ƙaramin wuri ne, yana kan hanyar Fustat, na sa masa alamar tambaya.

6 ga Disamba

Biza ta fito. Na sayi tikitin jirgi, na koma kan Laraba.

Dala da safe, gidan tarihi da yamma, kuma Laraba ta dace domin tana cikin ranakun da ba a rufe ɗakunan sabon gidan sai dare. Tun bana aka sauya tsarin shiga filin dala: an buɗe sabuwar ƙofa ta hanyar Fayyum, motocin baƙi su tsaya a waje, motocin safa na wurin su riƙa kai mutane daga tasha zuwa tasha. Ga Kawu wannan alheri ne. Duk bayanin da aka rubuta kafin sauyin ya tsufa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma bai kai can ba tukuna, tashar da ake kira Giza tana da nisa da dalar, don haka mota za mu ɗauka ta wuni.

Babbar dalar ta Khufu ce, an gina ta wajen shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, tsayinta a dā mita 146, yanzu wajen 138 saboda an kwashe farin dutsen da ya lulluɓe ta da kuma ƙolinta. Shiga cikinta tikiti daban ne. Na karanta yadda hanyar take na karanta wa Kawu ba tare da na rage komai ba: ana shiga ta ramin da ake dangantawa da halifa Ma'amun, sai a hau wani siririn lungu da rufinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, a duƙe, kusan mita 40, sannan doguwar baranda mai gangara, sannan ɗakin sarki, inda babu komai sai akwatin dutse wayam. Ya ce, "Ku shiga ku ba ni labari. Ni duƙawar da na yi a duniya ta ishe ni." Zai jira mu a inuwa, daga nan mu sauka tare wajen Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum.

Masu raƙuma da dawaki: a yi ciniki a gama kafin a hau, a faɗi kuɗin da wane kuɗi ne, na mutum nawa, zuwa ina, har da saukowa. Na maimaita wa ƙanwata wannan har ta gaji da ji.

Sabon gidan tarihin yana wajen kilomita 2 daga dalar. Tikitinsa ta intanet ne, da lokacin shiga a jiki. Na kama na ƙarfe biyu. A harabarsa mutum-mutumin Ramsis na Biyu yake tsaye, mita 11, wanda aka ɗauko daga dandalin tashar jirgin ƙasa a 2006 saboda hayaƙi da girgizar motoci. Kayan Tutankhamun sama da 5,000 ne, karo na farko da aka baje su wuri ɗaya tun da Howard Carter ya gano kabarin a 1922. Gawarsa dai tana can Luxor cikin kabarinta. Ni abin da nake ɗoki shi ne kwale-kwalen Khufu na itacen al'ul, mita 43, da aka tono a wargaje a gindin dala a 1954 aka harhaɗa. Babbar matakalar gidan tana da ta lantarki a gefenta, na tabbatar.

14 ga Disamba

Alhamis. Daga Sadat zuwa Mar Girgis tasha huɗu ce a layi na ɗaya, layin da aka buɗe a 1987, na farko a Afirka. Akwai taragun mata zalla a tsakiyar jirgi idan ƙanwata ta ga cunkoso ya yi yawa. Kana fitowa daga tashar ga hasumiyar ganuwar Babila a gabanka, ga cocin nan da aka ɗora a kan ƙofar ganuwar, ga cocin Abu Sirga, ga majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra, duk a 'yar tafiya kaɗan. Masallacin Amru yana gaba kaɗan. Na gaya wa Kawu tun yanzu kada ya sa ran ganin ginin sahabbai: na farkon da tubalin laka da kututturen dabino aka yi shi, an rushe an sake sau da yawa, girman da yake da shi a yau na faɗaɗawar 827 ne. Wurin ne na asali. Garin Fustat kansa waziri Shawar ya cinna masa wuta a 1168 don kada ya faɗa hannun mayaƙan Salibiyya.

Daga nan gidan tarihin wayewar Masar, inda aka mayar da busassun gawarwakin sarakuna 22 a watan Afrilun 2021, maza 18 mata 4. A nan muka ɗan yi muhawara. Ƙanwata ta ce ita ba za ta kalli gawa ba. Kawu, wanda na zata shi ne zai ƙi, ya ce shi kam zai shiga, saboda ayar nan ta Suratu Yunus. Na ce, "Kawu, ku sani fa, ba a haɗu a kan ko wanne ne Fir'aunan Annabi Musa ba. Wasu na cewa Ramsis na Biyu, wasu ɗansa Merneptah, wasu ma wani daban." Ya ce, "Duk ɗaya ne, ɗana. Kowannensu ai ya yi zamaninsa." Ba a ɗaukar hoto a ɗakin, kuma ba a ɗaga murya. Ƙanwata za ta jira a babban zauren sama.

Bayan azahar Imam Shafi'i. Ya rasu a Masar a 820, ƙubbar da ke kansa sarki Kamil ne ya gina a 1211, ta katako ce da aka lulluɓe da darma, da ɗan kwale-kwalen ƙarfe a ƙolinta. An gyara ta an sake buɗewa a 2021. A 'yan shekarun nan an rushe wasu sassan babbar maƙabartar da ke kewaye don fitar da tituna da gadoji, hanyoyin sun sauya, don haka direba ɗan gari za mu nema, ban yarda da taswirar waya a nan ba.

La'asar a masallacin Ibn Tulun. In da za a ce in zaɓi gini ɗaya a duk tafiyar, shi ne. An gama shi a 879, kuma shi ne masallaci mafi daɗewa a birnin da ke tsaye a siffarsa ta asali. Da Abbasiyawa suka dawo a 905 sun baje garin Ƙata'i kaf, shi kaɗai suka bari. Jan bulo ne da farar ƙasa, fili fetal a tsakiya, hasumiyarsa kuma matakalarta ta waje take nannaɗe ta, irin ta Samarra inda Ibn Tulun ya tashi. Rana kan faɗi wajen biyar da kwata a wannan lokaci, dole mu isa da wuri.

17 ga Disamba

Kuɗi. A watan Maris na 2024 Masar ta saki fam ɗinta, ya faɗo daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dalar Amurka ɗaya, kuma an ƙara kuɗin shiga wurare fiye da sau ɗaya. Duk farashin da na gani a tsofaffin rubuce-rubuce na watsar, shafin ma'aikatar kula da kayan tarihi kawai nake bi. Manyan wuraren yanzu ba sa karɓar tsaba a taga, sai kati, saboda haka kati biyu zan riƙe daga banki biyu. Ƙanwata ta nemi katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa, rabin kuɗi ake biya da shi. Duk da haka ana buƙatar ƙananan takardun fam a aljihu: mai tsaron takalma a ƙofar masallaci, mai riƙe da mabuɗin hasumiya, mai kula da bayan gida. Uber na aiki a birnin, kuma lambobin motoci da alƙaluman Larabci aka rubuta su. Kawu ne zai riƙa karanto mana.

27 ga Disamba

Juma'a ta fi kowace rana cin tunanina. Hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, safiyar Juma'a tituna fayau suke, kantuna a rufe. Wannan ya dace da titin Mu'izz, ƙashin bayan birnin Fatimiyawa, wajen kilomita ɗaya daga ƙofar arewa zuwa ta kudu. Azhar tana kusan tsakiya. Sai na raba shi biyu, rabi kafin salla, rabi bayan salla.

Mota ta sauke mu a Babul Futuh, wadda waziri Badrul Jamali ya gina a 1087. Masallacin Hakim na manne da ganuwa, an gama shi a 1013. Mu gangaro ta masallacin Aƙmar na 1125, ta gidan shayar da ruwa na Abdurrahman Katkhuda na 1744 mai makarantar yara a samansa, har zuwa inda fadojin Fatimiyawa biyu suka taɓa fuskantar juna. Fadojin sun tafi. A gurbinsu sarakunan Mamalik suka jera gine-ginensu kafaɗa da kafaɗa: Barƙuƙ, Nasir Muhammad, Ƙalawun. Ƙofar makarantar Nasir ta farin marmara daga wani coci a Akka aka ciro ta bayan an ci garin a 1291. Ginin Ƙalawun, da makaranta da kabari da asibiti, cikin wata 13 aka gama shi a 1285, kuma har yau akwai asibitin ido a wurin.

Ƙanwata ta tambaye ni me ya sa kowane sarki sai ya yi nasa, ga na wani a gefe. Amsar tana cikin yadda mulkinsu yake. Mamalik bayi ne da aka sayo aka horar sojoji, sarauta a wurinsu ba ta da tabbacin gado, wanda ya hau yakan ƙwace dukiyar wanda ya sauka. Wakafi ne kaɗai ba a taɓawa cikin sauƙi. Sai sarki ya gina makaranta ko asibiti, ya jingina masa kantuna da gonaki, ya sa kabarinsa a ciki, ya naɗa 'ya'yansa masu kula da albashinsu. Lada da suna da abincin zuriya, duk a gini ɗaya. Wanda ya san wannan, titin zai daina yi masa kama da tarin duwatsu masu suna iri ɗaya.

Azahar wajen sha biyu take, don haka mu kasance cikin Azhar tun sha ɗaya saura, da alwala, domin Kawu ya samu ginshiƙin jingina. An fara ginin a 970, aka yi Juma'ar farko a 972. Na gaya masa abin da bai sani ba: bayan Salahuddini ya kawar da Fatimiyawa an daina huɗuba a Azhar kusan shekara ɗari, sai a zamanin sarkin Mamalik Baibars aka dawo da ita. Ya yi shiru, sannan ya ce in tuna masa idan mun shiga.

Bayan salla a ci abinci, a huta. Kasuwar Khanul Khalili na tsallaken titi, kuma na yanke mata awa ɗaya, ba ƙari. Na san ƙanwata. Sai rabin kudu: gine-ginen Sultan Ghuri da ke fuskantar juna, masallacin Mu'ayyad, wanda ya gina a inda aka taɓa ɗaure shi a kurkuku, sannan Bab Zuwaila ta 1092. Hasumiyoyin Mu'ayyad biyu a kan ƙofar suke zaune, ana hawa. A nan Sultan Salim na Usmaniyya ya sa aka rataye Tuman Bay, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517. Bayan ƙofar akwai rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tantuna, inda Kawu zai zauna ya sha shayi yayin da muke sama.

4 ga Janairu, 2026

Asabar. Ƙal'a da safe, domin jirginmu sai dare. Daga ƙofar tikiti zuwa sama akwai hawa, na sa a lissafi cewa a hankali za a yi shi. Masallacin Muhammad Ali mai ƙubbobi irin na Istanbul, wanda aka gina tsakanin 1830 da 1848, shi kowa ke ɗauka a hoto. A tsakar gidansa akwai agogon da sarkin Faransa Louis Philippe ya aiko, bayan Masar ta ba Faransa dogon al'amudin dutse na Luxor da ke tsaye a Faris. Ni na fi son ƙaramin maƙwabcinsa, masallacin Nasir Muhammad. A zamanin wannan sarki ne Mansa Musa na Mali ya sauka a Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta Hajji, ya hau Ƙal'a suka gana, ya kuma kashe zinariyar da marubuci Umari, wanda ya bi labarin shekara 12 bayan haka, ya ce har lokacin farashinta bai farfaɗo ba. A wani ƙuntataccen lungu na gangaren nan ne kuma Muhammad Ali ya rutsa manyan Mamalik a 1811 bayan ya gayyace su biki. Idan hazo ya yi sauƙi, daga barandar ana hango dalar Giza.

A ƙasa masallatan Sultan Hasan da Rifa'i suke tsaye gab da juna. Na Hasan an fara shi a 1356, 'yan shekaru bayan annobar da ta share birnin, kuma dukiyar waɗanda suka mutu ba magada tana cikin abin da aka gina shi da ita. Kowace mazhaba cikin huɗun tana da makarantarta a kusurwa ɗaya. Wata hasumiyarsa ta faɗo a 1361 ta kashe ɗaruruwan mutane, ba a jima ba aka kashe sarkin, ba a kuma ga gawarsa ba, don haka ba shi ne kwance a ƙaton kabarin da ya gina wa kansa ba. Ƙyauren tagullar ƙofarsa Mu'ayyad ne ya ɗauke ya kai nasa masallacin: ranar Juma'a za mu ga ƙyaure, ranar Asabar mu ga inda aka ciro shi. Rifa'i kuwa, duk da kamannin tsufa, a 1912 aka gama shi, kuma a ciki Sarki Faruƙ da Shah na Iran na ƙarshe suke.

11 ga Janairu

Saura jibi. Fasfo da biza da katin rigakafi suna cikin jaka ɗaya, kwafinsu a wata, hotonsu a wayoyinmu uku. Tikitin gidan tarihi na buga a takarda, kada waya ta mutu a bakin ƙofa. Rigunan sanyi, takalma masu sauƙin cirewa tunda masallatan da yawa, safa mai kauri domin daɓen marmara da sanyi a hunturu, 'yar jakar zuba takalmi, maganin Kawu a jakar hannu tare da takardar likita, da kujerar naɗewa mai ƙafa uku da ƙanwata ta samo masa, wadda ya ce ba ya buƙata amma ya riga ya gwada.

Ma'aunin Nilu na cire masa alamar tambaya, ya fita; Alhamis ta cika. Yammacin Asabar har yanzu ana jayayya: ƙanwata na son komawa kasuwa, ni ina son Tahrir, Kawu na son barci. Filin jirgi yana wajen kilomita 20 arewa maso gabas da tsakiyar birni, kuma na ware awa ɗaya da rabi don hanyar, saboda haka ko wane ne ya yi nasara, ƙarfe shida kowa ya kasance a masauki da akwatinsa a ɗaure.

Direban Laraba ya turo saƙo ya ce zai zo ƙarfe bakwai da rabi. Kawu ya ce a gaya masa bakwai saura kwata. Na gaya masa.